Masu sharar Penn State sun gani suka yi shiru: tsoro ne ko biyayya?

Abban_Sadiq
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani lamari ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi mu tattauna. Labarin jami'ar Penn State ne da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Wasu za su tuna, a watan Nuwamban 2011 aka kama tsohon mataimakin kocin ƙwallon jami'ar, Jerry Sandusky, kan zargin lalata da ƙananan yara maza. A watan Yunin 2012 kotu ta same shi da laifi 45 cikin 48 da aka tuhume shi da su, a kan yara goma, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60.

Ni ba shi ne ya hana ni barci ba. Masu shara ne. Tun a shekarar 2000, wani dattijo da ke share ginin 'yan ƙwallo ya shiga wurin wanka da daddare, ya tarar da Sandusky da wani yaro cikin halin da baki ba zai iya faɗa ba. Ya fito jikinsa na ɓari, ya gaya wa abokan aikinsa. Mutum ne da ya halarci yaƙin Koriya, ya ce musu ya ga gawarwaki a fagen daga amma wannan ba zai taɓa mantawa da shi ba. Suka yi ta maganar a tsakaninsu, babu wanda ya kai ƙara. Bayan shekaru da masu bincike suka tambayi ɗayansu dalili, sai ya ce a ganinsa kai wannan ƙara tamkar ja da shugaban ƙasar Amurka ne, don ƙwallo ce ke juya jami'ar.

To mutumin da ya daɗe yana cin abinci a wuri, in ya ga irin wannan ya kama bakinsa, me za mu kira shi? Matsoraci, ko mai biyayya, ko abokin laifi?

DanFagge
Wa alaikumus salam. Abokin laifi mana. Yaro fa aka ce. Albashin nawa ne?

Maman_Ilham
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni tun da na karanta nake kallon ɗana yana barci. Shekararsa goma. Allah ya tsare mana zuri'a.

Tsohon_Akawu
DanFagge, ɗana, ka yi a hankali da saurin yanke hukunci. Na yi shekara talatin da uku ina aikin ofis kafin in yi ritaya, kuma zan gaya maka abin da matashi ba ya gani. Ranar da ka fara aiki, wurin na wasu ne, kai baƙo ne. Bayan shekara goma, ubangidanka shi ne ya halarci sunan 'yarka, shi ya sa hannu aka ba ka rance ranar da matarka ke asibiti. Bayan ashirin, in an zagi ma'aikatar a kasuwa ji kake kamar mahaifinka aka zaga. Idan ɓarna ta ɓullo a lokacin, ba lissafin albashi kake fara yi ba. Zuciyarka ce ke ƙin yarda. Sai ka ce wa kanka ƙila idona ne, ƙila akwai bayanin da ban sani ba, ai manya sun fi ni sani. Ba wanke su nake ba. Ina gaya maka yadda bakin yake rufuwa ne.

DanFagge
Baba na ji, kuma ina girmama shekarunku. Amma yaron shi ma yana da uba ai.

Sani_Ohio
Bari in ɗan yi gyara, don ina zaune a ƙasar nan lokacin da abin ya fashe, kullum shi ake yi a talabijin. Abban_Sadiq, dattijon da ya gani da idonsa ba daɗaɗɗen ma'aikaci ba ne. Ɗan wucin gadi ne, kimanin wata takwas ya yi a wurin. Waɗanda ya gaya wa ne suka fi shi daɗewa. Wani babba a cikinsu ma ya nuna masa inda zai iya kai ƙara in yana so, dattijon ya ce a'a, korarsu za a yi gaba ɗaya.

Daɗaɗɗun na gaskiya suna sama. Joe Paterno ya zo jami'ar a 1950 a matsayin mataimaki, ya zama babban koci a 1966, yana nan har 2011. Shekara sittin da ɗaya a wuri ɗaya. Sandusky ya yi kusan shekara talatin a ƙarƙashinsa kafin ya yi ritaya a 1999, kuma bayan ritayar aka bar masa ofis da makullan shiga gine-ginen wasanni. Tim Curley, daraktan wasanni, ɗan garin ne, a nan ya tashi, a nan ya yi karatu. Gary Schultz, mataimakin shugaban jami'a, shi ma a nan ya yi karatu ya kuma shafe kusan duk rayuwar aikinsa.

Sannan ku gane, ba irin ƙwallonmu ba ce, tasu ce ta Amurkawa mai kama da zari-ruga, wadda ake sa hular kwano. Filin wasan jami'ar yana cin mutum fiye da 100,000. Garin, State College, ƙarami ne, mutanen da ke cika filin ranar Asabar sun ninka mazauna tsakiyar garin. Mai otal, mai gidan abinci, mai sayar da riguna, kowa da ƙwallon yake ci. Mai shara ya san wannan sarai.

Abban_Sadiq
Na gode da gyara Sani. Amma ka ga sai tambayar ta ƙara nauyi. Na ƙasa tsoro ya hana shi. Na sama fa, wa yake tsoro?

Barista_Aminu
Wannan ita ce tambayar. Ku bari in jero muku abin da ya tabbata, don kada mu yi ta magana a kan iska.

A 1998 wata uwa ta kai ƙara wurin 'yan sandan jami'a, bayan ɗanta ya dawo gida da jiƙaƙƙen gashi ta gano Sandusky ya yi wanka tare da shi. An yi bincike, mai gabatar da ƙara na yankin ya ce ba zai shigar da tuhuma ba. Schultz ya san da wannan binciken, har an samu rubutun hannunsa na lokacin inda yake tambayar kansa ko akwai wasu yaran.

A watan Fabrairun 2001 wani matashin mataimaki mai suna Mike McQueary ya shiga ginin da daddaren Juma'a, ya ga Sandusky da yaro a wurin wanka. Ya kira mahaifinsa. Washegari ya je gidan Paterno ya gaya masa. Paterno ya gaya wa Curley ran Lahadi. Sai bayan kusan kwana goma Curley da Schultz suka zauna da McQueary. Da farko sun tsara abu uku: su yi wa Sandusky magana, su sanar da gidauniyarsa ta taimakon yara marasa galihu wadda ya kafa a 1977, sannan su sanar da hukumar kula da walwalar yara ta jiha. Sai Curley ya aika imel ya ce bayan ya sake tunani ya kuma yi magana da Joe, bai natsu da tsarin ba, gara a tunkari mutumin shi kaɗai tukuna. Shugaban jami'a Graham Spanier ya amsa cewa wannan hanya ta fi tausayi. Aka ce wa Sandusky kada ya ƙara kawo yara ginin. Hukumar yara ba ta ji komai ba.

Ku lura da kalmar tausayi. Wa aka tausaya wa? Abokin aiki na shekara talatin. Binciken Louis Freeh, tsohon shugaban FBI, wanda ya fito a Yulin 2012, ya ce babu ko ɗayansu da ya yi yunƙurin gano ko wane ne yaron.

UmmuHanifa
Ni McQueary ɗin nan ne ya fi ba ni haushi wallahi. Ƙato, tsohon ɗan wasa, bai kai shekara talatin ba, ga tsoho ga yaro a gabanka, sai ka fita ka kira babanka? Ko mace ce ta ga haka ai ta kwarma ihu.

Sani_Ohio
Hajiya, shi dai ya shaida a kotu cewa ya buga ƙofar wata loka da ƙarfi don a san da mutum, kuma da ya sake leƙawa sun rabu. Amma gaskiyarki, ya fita ya bar yaron a ginin. Shi ma ɗan garin ne, ya buga wa Paterno wasa, tun yana yaro yake ganin Sandusky a matsayin babban mutum. Bayan haka ya ci gaba da aiki a wurin shekara goma, har ya samu cikakken muƙamin mataimakin koci.

UmmuHanifa
Shekara goma yana haɗuwa da mutumin a hanya. Subhanallah.

Kocin_Unguwa
Ni kam ina ganin an zalunci Paterno. Ina horar da yara ƙwallo a unguwarmu shekara goma sha biyar, na san abin da koci yake. An kawo masa magana, shi bai gani ba, jiyau ne ba ganau ba. Ya kai wa shugabanninsa, ɗayansu ma shi ke kula da 'yan sandan jami'ar. Masu gabatar da ƙara ba su tuhume shi da komai ba. Dattijo ɗan shekara 84, aka kore shi ta wayar tarho ran 9 ga Nuwamba, ya rasu a Janairun 2012 da ciwon dajin huhu. Suka tumɓuke mutum-mutuminsa, suka soke masa nasarori 111. To in sun tabbata da abin da suka yi, me ya sa suka mayar masa da su a 2015? Iyalansa ma sun ɗauko Dick Thornburgh, tsohon babban lauyan gwamnatin Amurka, ya ce rahoton Freeh cike yake da zato. Mutumin nan ya ba ɗakin karatun jami'ar miliyoyin daloli daga aljihunsa.

Barista_Aminu
Koci, maganar rahoton Thornburgh gaskiya ce, kuma har gobe akwai masu jayayya da Freeh. Mayar da nasarorin kuwa sulhu ne aka yi a wata shari'a da hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA, ba wai an ce ba a yi shiru ba. Amma kalmar "shugabanninsa" ita zan riƙe. A takarda Curley ne shugaban Paterno. A zahiri kowa a garin ya san waye babba. A 2004 shugaban jami'a da daraktan wasanni sun je har gidansa suna neman ya sauka, ya ƙi, kuma ya zauna. Wanda za a roƙa ya sauka ya ce a'a, ba zai ce bai da ƙarfin ɗaga waya ya tambayi ina aka kwana kan maganar yaron nan ba. Shi da bakinsa ya ce da ya san abin da ya sani daga baya, ya so a ce ya yi fiye da haka.

Kocin_Unguwa
Na yarda ya kamata ya bibiya. Amma gazawa daban, ɓoyewa daban. Ni a nan na tsaya.

Nura_Damagaram
Don Allah malamai a warware mana wani abu. Mu an koya mana wanda ya rufa asirin ɗan'uwansa Allah zai rufa nasa. Tun muna yara ake cewa kada ka zama mai tonon silili. Ina iyakar wannan?

Malam_Habibu
Nura, hadisin ingantacce ne, amma ba a nan ake ajiye shi ba. Malamai sun yi bayani cewa suturcewa tana ga wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa, ya wuce, ba ya cutar da kowa da shi. Wanda ɓarnarsa ke faɗa wa bayin Allah kuma yana kan yi, kai maganarsa ga mai ikon hanawa ba giba ba ce. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai neman taimako don kawar da mummuna da kuma gargaɗin mutane daga sharri. A ƙarshen Suratul Baƙara Allah ya hana ɓoye shaida, ya ce wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. Kuma da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, sahabbai suka tambaya yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin.

Sai dai in ƙara wani abu saboda Baba Tsohon_Akawu. Nauyin yana bin iko. Mai tsintsiya da mai kujerar shugabanci ba za a yi musu tambaya iri ɗaya ba.

Tsohon_Akawu
Allah ya gafarta malam, na gamsu. Allah ya ƙara ilimi.

Jikan_Maikano
Ni ban ga dalilin da za mu zauna muna ɓata lokaci kan jami'ar Turawa ba. Su da suke ganin sun fi kowa wayewa, ga abin da ke cikin gidansu. Su ƙarata.

Malama_Rabi
Jikan_Maikano, da na so in yi shiru, amma maganarka ta sa ba zan iya ba. Na koyar shekara goma sha tara a wata makarantar kwana, ba zan faɗi suna ko gari ba. Akwai wani malami da ya riga ni zuwa da shekaru, shi ke kula da wasanni, kowa na son sa, shi ke raka yara gasa. Wata rana da yamma bayan an tashi daga filin wasa wani yaro ɗan aji biyu ya tsaya a bakin ɗakin malamai. Bai shigo ba, bai tafi ba. Yana riƙe da takalmin wasansa a hannu, yana ta murɗa igiyar a yatsa har yatsan ya canza launi. Na ce lafiya? Ya ce Malama don Allah a cire sunana daga masu tafiya gasa. Na ce me ya sa, kai da ka fi kowa gudu? Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ba ya son kwana a ɗakin da ake ba shi in an je.

Na gane. Wallahi na gane a take. Washegari na je wurin shugaban makaranta. Ya rufe ƙofa ya ce Malama, mutumin nan saura shekara huɗu ya yi ritaya, yana da mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, kina da shaida? Ki bar mini, zan yi maganin abin. Maganin da ya yi shi ne ya cire yaron daga tafiya. Malamin ya ci gaba da raka sauran.

Ni kuma na koma aji na ce ai na faɗa, na sauke nauyi. Shekara huɗu ina gaishe shi kullum da safe. Na ba da gudummawar kuɗi ranar walimar ritayarsa. Don haka da Barista ya kawo maganar "na gaya wa na sama da ni", kaina na gani. Ba tsoron kora ya riƙe ni ba, da wuya a kore ni. Kunyar idon mutanen da muka shekara muna cin abinci faranti ɗaya ce, da gudun a ce ni ce na tozarta makarantar da na ba ƙuruciyata.

Maman_Ilham
Malama Rabi, kin sa ni hawaye. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Yaron fa, kin san inda yake?

Malama_Rabi
Iyayensa sun canza masa makaranta a ƙarshen zangon. Ban sake ganinsa ba. Ina yi masa addu'a da sunansa.

Jikan_Maikano
Malama ki yi haƙuri, na janye maganata.

DanFagge
Malama, ke aƙalla kin je ofis. Ban sa ki sahu ɗaya da wanda bai motsa ba.

Malama_Rabi
McQueary ma ya je ofis, ƙanena. Paterno ma ya je.

Sani_Ohio
Abin da Malama ta faɗa shi ne ainihin abin da jihar Pennsylvania ta gyara a dokarta a 2014. Da, ma'aikacin makaranta in ya ga alama, ya gaya wa shugabansa ya wadatar. Yanzu dole shi da kansa ya fara kiran layin hukumar kare yara, sannan ya sanar da na sama. Matata tana aiki a wata makarantar yara a nan, kowane lokaci sai an sake zaunar da su an karanta musu irin wannan ƙa'ida, su sa hannu. Sun gano cewa magana in tana hawa bene, kowane mataki sai ta rage nauyi. Abin da McQueary ya ce ya gani, kafin ya isa teburin shugaban jami'a ya koma "wasan banza a wurin wanka".

Zee_Kaduna
Ina so in kawo wata da ba a ambata ba. Vicky Triponey, mataimakiyar shugaban jami'ar mai kula da harkokin ɗalibai. Ita daga waje ta zo a 2003. Ta yi ta karo da Paterno a kan cewa 'yan ƙwallo in sun yi laifi a hukunta su kamar kowane ɗalibi, shi kuma yana son a bar masa yaransa ya hore su da kansa. A 2007 ta bar aikin. Ba maganar Sandusky ba ce, amma masu shara suna da ido, irin wannan suke gani su auna matsayinsu. Kuma wadda ta fara fasa labarin a jarida a watan Maris na 2011, Sara Ganim, yarinya ce 'yar shekara ashirin da 'yan kai a wata jaridar Harrisburg, har ta samu babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a kai. Ƙarar da ta kai ga kamun ma ba daga jami'ar ta fito ba, daga wani yaro ɗan sakandare da mahaifiyarsa ne a wata gunduma, a 2008. Duk wanda ya buɗe baki za ka ga bai da dogon tarihi da gidan.

Tsohon_Akawu
'Yata Zee, wannan haka yake. Baƙo ba a yi masa alheri ba tukuna, bakinsa a sake yake.

Barista_Aminu
Amma kada matasa su ɗauka shirun ya tsirar da wani. A 2017 Curley da Schultz sun amsa laifin jefa yara cikin haɗari, kotu ta samu Spanier da irin wannan laifin, dukkansu sun ɗanɗana gidan yari, shi Spanier sai a 2021 bayan ɗaukaka ƙara. NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60. Diyyar da aka biya waɗanda aka cutar ta haura dala miliyan 100. Sunan da aka yi shiru don a kare, shi ne ya fi shan kashi.

McQueary kuma, da ya ba da shaida, aka dakatar da shi, aka ƙi sabunta masa kwantiragi, har barazanar kisa ya samu. Ya kai jami'ar ƙara, a 2016 aka ba shi fiye da dala miliyan 12. Amma aikin koci ya ƙare masa.

Nura_Damagaram
To kun gani. Wanda ya yi magana ya rasa aiki. Shi yana ƙasar da kotu za ta biya shi. Mai shara a wurinmu in an kore shi, wa zai ciyar da 'ya'yansa? Ni dai ba zan iya zagin masu sharar nan ba.

UmmuHanifa
Nura, ba sai ka tsaya a gaban shugaba ba. Akwai waya, akwai takarda ba suna, akwai uwar yaron. Mutum fiye da ɗaya sun san magana, a ce an rasa ɗaya da zai rubuta layi biyu ya jefa?

Nura_Damagaram
Mutum ƙalilan ne a aikin dare, Hajiya. Takarda ba suna ta fito, wa za a nema?

Dr_Maryam_K
Na makara, amma bari in ƙara. Ba Penn State kaɗai ba ce. A jami'ar jihar Michigan, likitan wasanni Larry Nassar ya shafe kusan shekara ashirin yana cutar da 'yan mata da sunan magani. Wasu sun ce tun 1997 suka kai kuka, aka ce musu ba su fahimci irin jinyar ba ne. A 2018 mata fiye da 150 suka tsaya a kotu ɗaya bayan ɗaya suka yi magana, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175, jami'ar ta biya dala miliyan 500. A can ma waɗanda suka kare shi abokan aikinsa ne na shekaru. A asibiti muna ganin irin haka. In an kawo ƙarar wanda ka sani shekara ashirin, abin da ka sani game da shi ne ke fara amsawa kafin ka saurari mai ƙarar. Kuma masu wannan ɗabi'a sun san haka, shi ya sa suke zuba alheri ga manya kafin su taɓa yara. Sandusky gidauniyar taimakon yara ya buɗe.

Kocin_Unguwa
Dakta, wannan ya tsorata ni. Ni da nake tare da yara kullum. Daga yau ba zan ƙara tafiya gasa ni kaɗai da su ba, sai da uba ɗaya ko biyu. Don kare su, don kare kaina.

Abban_Sadiq
Na karanta duka. Da na buɗe maganar ina ganin amsa ɗaya ce cikin ukun. Yanzu na ga mai shara da tsoronsa, Curley da biyayyarsa, Malama Rabi da kunyarta, kuma ban san ko suna ɗaya zai ɗauke su ba. DanFagge, har yanzu kana kan bakanka?

DanFagge
Ina kai. Na dai rage murya saboda Malama. Amma a wurin yaron duk ɗaya ne, ko tsoro ne ko kunya, ba wanda ya zo.

Tsohon_Akawu
Ban musa maka ba ɗana. Ni ma akwai fayil ɗin da na gani a shekarata ta ashirin da shida a ofis, na kuɗin marayun wani abokin aikinmu da ya rasu. Na ga sa hannun da bai kamata ya kasance a wurin ba. Na rufe shi, na ɗaure da igiyarsa, na mayar cikin kabad. Wanda ya sa hannun shi ya samar wa babban ɗana aiki. Yau shekara goma sha huɗu ke nan, ban taɓa faɗa wa ko matata ba sai yanzu da nake rubuta muku.

Malam_Habibu
Baba, in marayun suna raye ƙofa ba ta rufe ba. Ku neme ni ta akwatin sirri mu yi magana.

Tsohon_Akawu
Suna raye. Zan neme ka bayan la'asar in sha Allah.

Maman_Ilham
Sani, tambaya ɗaya. Yaron da mai sharar ya gani, an same shi?

Sani_Ohio
Har aka gama shari'ar 2012 masu gabatar da ƙara ba su gano ko wane ne ba. A takardun kotu lamba aka ba shi, ta takwas. Dattijon da ya gani kuma lokacin ciwon mantuwa ya riga ya kama shi, bai iya ba da shaida ba. Abokin aikinsa na daren ne ya tsaya a gaban kotu ya faɗi abin da ya gani da abin da dattijon ya gaya musu, shekara goma sha biyu bayan faruwar abin. Da wannan shaidar aka samu Sandusky da laifi a kan yaron.

Maman_Ilham
Allah sarki. In yana raye yanzu ya zama magidanci.